Malam Nata'ala da Wasa na Bakwai

Duk unguwar Yalwawa ta Dutse babu wanda bai san Malam Nata'ala ba, kuma babu wanda Malam Nata'ala ya yarda da shi. In ka ce masa yau Talata, sai ya shiga ɗaki ya duba kalanda, ya fito ya tambaye ka wa ya buga kalandar. Mai nono ta sauke ƙwarya a ƙofar gidansa, sai ya ɗebo da ludayi ya ɗaga sama yana kallon yadda yake zuba, yana gyaɗa kai kamar ya ga ruwan da aka ƙara da idonsa. Mai awon hatsi kuwa ya riga ya san sai an kifa mudunsa an ƙwanƙwasa gindin. Ba mugu ba ne, kada a yi masa sharri. Zargi ne kawai ya zame masa jiki, yadda wani ke fama da ciwon gwiwa.

Ɗan Aujara ne, ɗan manomi. Allo ya fara riƙewa, sai da ya shekara tara aka rubuta sunansa a firamare. Can ya gamu da wani malami mai rula wanda ya lura hannun yaron nan kullum daga dama yake farawa. Aka yi ta ƙwala wa bayan hannun rula har ya kama hanyar hagu, ya ma manta ya taɓa sanin wata hanyar. Daga nan sai kwalejin horar da malamai, sai aji, sai kujerar hedimasta, shekara talatin da biyar cur.

Zargin ma ba da shi aka haife shi ba. A shekararsa ta uku da fara koyarwa wani ɗalibi ya kawo masa insha'i mai daɗin gaske. Malam ya ji daɗi har ya karanta shi da kansa a gaban makaranta duka, ranar da mai duba makarantu ya zo. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe jakarsa ya zaro littafin da aka kwafo insha'in, ya miƙa masa a gaban kowa. Dariyar da malamai suka yi ran nan har yau tana kunnensa. Tun daga ranar ya ɗauki alkawari tsakaninsa da kansa: duk abin da ya cika kyau, to akwai ƙarya a ƙarƙashinsa, kuma ba za a sake yi da shi ba.

Matarsa Hajiya Zuwaira ce kaɗai ta iya zama da wannan hali, shekara arba'in da ɗaya. Farkon aurensu ya ce zai koya mata boko. Kwana uku aka yi ana abu ɗaya, yana tsawa tana rikicewa, ran na huɗu ya rufe littafin ya ce, "Ke kanki ba na boko ba ne." Ta tashi ta koma wurin girkinta. Shi kuma bai sake tayar da maganar ba, don a wurinsa an gama shari'a.

Da ya yi ritaya ya dawo Dutse da kwali biyu na tsofaffin jaridu, ya sami abin yi a gindin dalbejiyar ƙofar gida: wasan cike gurbi. Wannan zanen ne mai gidaje farare da baƙaƙe, a ba ka tambayoyi ka cusa amsar harafi-harafi, wata kalmar a kwance, wata a tsaye ta ratsa ta. Ya ƙware har ya fara yi wa masu shirya wasan gyara da jan biro a gefen jarida, alhali babu mai gani sai shi.

Shi ya sa Abdulwahab ya zo masa. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu sakataren wata ƙungiya, Fitilar Manya, mai azuzuwan yaƙi da jahilci a Dutse da Jahun da Miga. Sun sa malamansu gasa: kowa ya shirya wasan cike gurbi da Hausa, mai sauƙi, mai jigo guda, wanda sabon mai karatu zai iya. Wanda ya fi kyau za a buga shi a littafin ɗalibai.

"Baba Malam, kai muke so ka yi alƙalanci."

"Da sharaɗi," in ji Malam. "Duk wanda na kama ya kwafo daga waya ko wani littafi, a karɓe ajinsa. Mai sata ba ya koyar da kowa."

Abdulwahab bai so ba, amma wa zai yi musu da Malam Nata'ala? Aka rubuta sharaɗin, aka sanar da kowa. Ran Asabar aka kawo masa wasanni goma sha ɗaya, babu suna, lamba kawai, aka ce ran Alhamis ake son hukunci.

Kai, zo ka ga murna! Goma daga ciki ya yi musu kaca-kaca kafin la'asar. Na uku jigonsa dabbobin gida ne, amma da gurbi ya ƙi cika sai mai shi ya cusa jirgi. Na biyar ya rubuta tambaya wai "wani abu da ake ci". Malam ya ja layi biyu ya rubuta a gefe, "To mene ne ba a ci a ƙasar nan?" Na tara kuwa rabin kalmominsa ko taɓa juna ba su yi ba, kowace na zaune ita kaɗai kamar an yi faɗa. A wurin Malam sauƙi daban, sakarci daban. Wasa mai sauƙi dole kowace tambaya ta nuna amsa ɗaya tak, kowace kalma ta zama wadda mutane ke faɗa a tsakar gida, kuma kowace ta riƙe 'yar'uwarta ta taimaka wa mai cikewa.

Sai na bakwai.

Jigonsa tafiyar gero ce, daga zangarniya har malmala. Kalmomi goma sha huɗu, irin su sussuka, shiƙa, surfe, bakace, niƙa, tankaɗe, talge, da kayan aikinsu, turmi, taɓarya, faifai, rariya. Tambayoyin gajeru, a miƙe. Babu kalmar da aka jawo da ƙarfi, babu gurbin da aka bari marar mataimaki. Malam ya cike shi cikin minti shida, ya kama kansa yana murmushi, nan take ya haɗe rai. Murmushin nan ya san shi, irinsa ya yi shekara arba'in da suka wuce kafin a zaro masa littafi daga jaka.

Kwana biyu jan biro na hannunsa bai sami inda zai sauka ba. Abinci ma sai an yi masa magana sau uku. Ran Litinin da hantsi ya buga cinya ya ce, "Yauwa! Na kama ka!" Lambobin gidajen ne. Duk wasan da ya taɓa gani a duniya, lamba ɗaya tana sama ta hagu. A wannan kuwa tana sama ta dama, biyu da uku suna bin ta suna yin hagu. Jerin tambayoyin ma na kwance a dama, na tsaye a hagu. To me ya rage? An ɗauko zanen wani daga waya, an juya shi don a ɓatar da sawu, an manta ba a gyara lambobin ba. Yadda kalmomin Hausa suka zauna daram a zanen sata, wannan bai tsaya tambayar kansa ba. Mai zargi in ya sami zare ɗaya, ba ya neman na biyu.

Ya kira Abdulwahab ya ce sai an faɗa masa mai lamba bakwai.

"Baba Malam, ai ƙa'ida ba a..."

"Ni na koya maka ƙa'ida. Wane ne?"

"Mace ce. Malama Mahbuba, ta ajinmu na Miga. 'Yar Alaramma Musaddiq ce mai makarantar allo. Mata talatin da ɗaya take koyarwa. Ita ma a ajin ta koyi boko, shekara huɗu ke nan."

"Shekara huɗu!" Malam ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni shekara sittin ina boko ban shirya irin wannan ba. Gobe zan je Miga."

Ya kuwa je. Lokacin kaka ne, motar ta bi ta Jahun tana kauce wa amalanken shanu masu ɗauke da dammunan gero. Malam bai kalli gona ko ɗaya ba, tambayoyin tarko yake jerawa a ransa.

A zaure aka yi masa shimfiɗa. Alaramma tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, carbi a hannu. Aka gaisa, aka kawo fura, Malam ya ɗan shinshina ta a fakaice kafin ya kurɓa. Sannan Mahbuba ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, mace mai 'ya'ya uku, hijabi har ƙasa, da alamar alli a yatsunta.

"Ke kika shirya wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya tura mata farar takarda da fensir. "To bismilla. Shirya min wani yanzu, nan, a gabana."

Ta ɗauki fensirin. Ta ja layi ɗaya, ta tsaya. "Baba, wancan wata biyu na yi ina yinsa. Ina gogewa ina sakewa."

"Wata biyu. Madalla. Aikin wata biyu ai ba ya rasa shaida. Ina take?"

Ta tashi da sauri ta shiga gida, ta dawo da littafin rubutu mai kauri, an yi masa marfi da takardar buhun siminti, ta miƙa da hannu biyu. Malam ya buɗe. Shafin farko fari. Na biyu fari. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har goma, fari fat, ko ɗigon fensir babu.

"Wannan ce shaidar?"

"Baba, ai ta..."

"Ban tambaye ki ba!" Muryar hedimasta ce ta fito, wadda ke sa aji ya yi tsit. Mahbuba ta sunkuyar da kai. A gidan da ta tashi ba a katse babba, ba a kuma nuna masa kuskurensa a gaban wani babban. Malam ya rufe littafin ya jefa a jaka. "Zan tafi da shi, ƙungiya ta gani."

Alaramma ya daina jan carbi. "Malam, ni ban san boko ba, idona ma ya tafi. Amma yarinyar nan a gabana ta tashi, ban san ta da ɗaukar abin wani ba."

"Allah gafarta Malam, kowane uba haka yake cewa."

Wallahi maganar ba ta yi daɗi ba, shi ma da ta fita ya ji nauyinta, amma ta riga ta fita. A waje ya ci karo da matan ajin suna tahowa, wasu da goyo, kowace da littafi a hannu. Wata tsohuwa ta tare shi da gaisuwa, ta ɗauka babban baƙo ne daga Dutse ya zo yaba musu, tana ba shi labarin yanzu ita ke karanta katin asibitin jikarta da kanta. Ya ce mata to, Allah ya taimaka, ya wuce da sauri. In aka karɓe ajin nan babu wata malamar a kusa, ya sani sarai. Ya ce wa zuciyarsa ba shi ya sa ta sata ba.

Ran Laraba da safe ya zauna ya rubuta hukunci da kyakkyawan rubutunsa na hedimasta: wasa na bakwai kwafe ne, a karɓe ajin mai shi. Ya sa hannu. Ya nemi ambulan bai samu ba, sai ya bar takardun a kan tabarma a tsakar gida ya fita saye.

Da ya dawo ya tsaya cak. An taɓa masa kaya. Akwai kwafi guda na wasa na bakwai da ya bari babu komai a ciki, ga shi yanzu a cike tsaf da fensir, kalmomi goma sha huɗu duk daidai. Haruffan manya-manya, an danna su da ƙarfi har sun huda bayan takardar.

"Zuwaira! Wa ya shigo gidan nan?"

Tana bakin madafi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Babu kowa, Malam."

"Abdulwahab ya zo?"

"Bai zo ba."

"To maƙwabta? 'Yar gidan Malam Muslim? Takarda dai ba ta cika kanta!"

Hajiya Zuwaira ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu a zani. "Ni na cike."

Ya kalle ta kamar ta yi masa wani yare. Daga nan zargi ya taso masa, don shi ne abin da ya fi kusa da hannunsa. "Kin ga wanda na cike kin kwafa."

"Naka yana cikin jakarka, jakar tana kafaɗarka." Ta matso, ta ɗauki takardar, ta ɗora yatsa a kan tambaya ta huɗu, ta karanta a hankali, gaɓa-gaɓa: "A-bin da a-ke yi ba-yan sur-fe." Ta ɗago. "Bakace. Wace mace ce ba ta san wannan ba? Ai yarinyar nan bin aikin ta yi daki-daki, yadda ake yinsa. Kana gama ɗaya hannunka ya san na biyu. Ga shi ta fara daga inda ido ke fara sauka, ba sai mutum ya yi ta lalube ba."

Malam ya nemi wuri ya zauna. Ashe shekara biyu ke nan in an tashi daga islamiyyar la'asar a gidan Malama Rukayya, matan na ƙara awa guda suna boko. Shi kuwa har bin sawunta ya taɓa yi don ya tabbatar islamiyyar take zuwa. Ya ga gidan, ya ga mata da hijabai, ya dawo da gamsuwa.

Bai gama haɗiye wannan ba ta miƙa hannu ta ɗauki littafin mai marfin buhun siminti, wanda ya ajiye kusa da hukuncin. Ya buɗe baki zai ce mata babu komai a ciki. Sai ya ga ta ɗora shi a cinya ta buɗe ta dama, yadda ake buɗe Alƙur'ani, ba tare da ta ko yi tunani ba.

Shafin farko cike yake. Zane ne na gidaje, an goge har takardar ta yi baƙi. Na biyu haka, na uku haka. Ga inda aka sa "tukunya" ta ƙi zama aka cire. Ga inda "taɓarya" ta yi yawo wuri huɗu kafin ta sami gida. A gefe an rubuta da ajami sunayen matan da aka gwada wasan a kansu, da tambayar da ta ba kowace wuya. Shafi talatin da bakwai, Malam ya ƙirga su da yatsan da ya lasa jiya. A kowane ɗaya lamba ɗaya tana sama ta dama.

Ya dubi bayan hannunsa na dama. Rular malamin nan ta firamare ta faɗo masa a rai, abin da ya yi shekara sittin bai tuna ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ta fi ta ranar insha'i, don ran nan shi kaɗai aka yi wa dariya, wannan karon kuwa mace ya ƙaryata a gaban mahaifinta, saura kwana ɗaya ya raba mata talatin da ɗaya da karatu.

"Me ya sa ba ta ce in juya ba?" ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka bar ta ta faɗa?"

Ya rufe littafin. Can ya ce, "Ke kuma shekara biyu, ko ki gaya min."

"Jira nake ka kama ni," in ji Hajiya Zuwaira. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Littafina yana ƙarƙashin filona, fensir yana cikin kwalla. Na ce mutumin da ke ƙwanƙwasa gindin mudu ai ba zai yi sati bai gano ba. Shekara arba'in da ɗaya kana zargin kowa da komai, Malam. Abu ɗaya ne ba ka taɓa zargi ba, wai zan iya."

Ta koma wurin tankaɗenta.

Malam Nata'ala ya daɗe a zaune. Daga baya ya yage hukuncin gida huɗu, ya ɗauki sabuwar takarda. Ya rubuta cewa wasa na bakwai shi ya fi kowanne, aikin mai shi ne da hannunta, a buga shi yadda yake, kada wanda ya taɓa lambobin. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya wanda biro ya yi ta tsayawa kafin ya fita: alƙali ya yi kuskure a Miga, zai koma da kansa ya ba da haƙuri. Ya san Abdulwahab zai karanta, ƙungiya za ta ji, kafin Juma'a duk Yalwawa ta ji. Ya sa hannu.

Bisa al'adarsa ba ya rufe takarda sai ya bi ta sau uku yana neman kuskure. Wannan karon ya tashi ya taka har bakin madafi, ya tsaya yana gyaran murya kamar baƙo.

"Hajiya. Duba min wannan."

Ta goge hannu ta karɓa. Ta ɗora yatsa a layin farko ta fara, a hankali, tana tsayawa tana komawa. A wuri biyu ta yi tuntuɓe, gyaran ya zo masa har bakin leɓe, ya danne shi. Yana tsaye da ambulan a hannu, garin tuwo na sauka a kan takalminsa, yana jin rubutunsa a bakin matarsa karo na farko. Da ta kai layin ƙarshe ta karanta shi, ta ɗago ta dube shi, ta sake karanta shi da ɗan ƙarfi.

"Daidai ne?" ya tambaya.

"Daidai ne. Gobe in ka kai wa ƙungiya hukuncin, jibi sai Miga. Ka tafi mata da littafinta."